Gadon Gogo a Karafan ɗin Bash Muhandis

Duk Bahaushen da ya yi shekara a Riyad bai san Alhaji Zainulabideen na unguwar Shifa ba, to ya ciro iƙamarsa, wato katin izinin zama, ya duba da kyau, wataƙila a wani garin yake zaune bai sani ba. Mutum ne da Allah ya ba ilimi har ya rasa inda zai zuba shi, sai a kunnuwanmu. Ya san abin da ke sa siminti tsagewa. Ya san abin da ke hana ruwan sama sauka a kan lokaci. Ya san kuskuren da aka yi wajen gina kowane dogon bene a garin nan, har da waɗanda ba a gama ba. Matsalar ɗaya ce, ba a taɓa kiransa an tambaye shi ba, shi kuma ba mai son cusa kai ba ne. Shi ya sa yake haƙuri ya gaya mana mu, kullum, bayan sallar la'asar.

Sunansa na girma Bash Muhandis, wato babban injiniya. Kada ku yi zaton a kwance ya same shi. Da gumi ya samo abinsa. Shekara goma sha takwas da suka wuce, a wani gini a Badi'a, ya yi wata uku cur yana riƙe wa wani injiniya ɗan Masar bakin tef ɗin awo. Shi kuwa ɗan Masar ɗin kowa ya gani “ya bash muhandis” yake ce masa, har mai dafa shayi. Da aikin ya ƙare, mai shayi ya bar sunan a wurin ya kama gabansa. Zainulabideen ya tsince shi, ya kakkaɓe masa ƙura, ya taho da shi gida.

Yanzu a Dira yake, a wani shago mai faɗin tabarma biyu, yana sayar da darduma da carbi da turaren wuta. Shagon na kafilinsa ne, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, amma in ka ji shi a waya yana cewa “reshenmu na Dira” sai ka rantse akwai wani a Jidda. Cikin hajarsa duka, wadda ya fi ji da ita ita ce dardumar nan mai kamfas a manne, mai nuna wa matafiyi alƙibla. Mutum zai shigo sayen carbin riyal biyar, ya fita da darasin rabin awa a kan yadda allura ke aiki. Ɗaya ma ya ɓamɓare mata kamfas ɗin ya sa a aljihun gaba, kusa da biro uku da ba wanda ya taɓa ganin ya yi rubutu da su.

To, a garin nan idan sanyi ya shigo, Larabawa kan kwashi iyali su fita daji, su kafa tanti, su hura wuta, su sha gahawa. Kashta suke ce wa abin. Masu hali kuma karafan suke ja a bayan mota, wato ɗaki guda mai taya, da gado da banɗaki da ɗan kicin a ciki. Bash Muhandis ya duba ya ga, da me suka fi shi? Ya nufi kasuwar 'yan gwanjo ya sayo wani tsohon karafan da ya ga jiya ya ga yau, aka jawo masa shi aka ajiye a kangon filin da ke jikin gidansu. A nan ya yi sanyi biyu bai motsa ba. Motar Bash Muhandis 'yar ƙarama ce, in ta ce za ta ja karafan ɗin nan hanjinta ne zai zubo, don haka kashtarsa duk a gindin katangar maƙwabci ake yinta. Yakan yafa jan rawanin nan na Larabawa, ya zauna a bakin ƙofar karafan da ɗan ƙaramin kofi a hannu, a ɗauke shi hoto ta inda katangar ba za ta fito ba, ya tura gida. Mutanen Ringim sun daɗe da sanin cewa ɗansu yana da gida mai tafiya.

Ana nan sai ga Gogo, mahaifiyarsa, ta gama Umara ta biyo ta Riyad za ta yi sati uku kafin ta koma. Tsohuwa ce 'yar siririya, gwiwarta ta hagu ta daina lanƙwasuwa tun bara waccan. Da sanda take tafiya, a hankali, amma da ƙafarta. Abu ɗaya ne Gogo ba ta yarda da shi ba a duniya, shi ne a ɗauke ta. A Harami ma an kawo mata keken turawa ta ce a kai wa marasa lafiya, ta yi ɗawafinta da sa'ayinta tana dogarawa. Da yake kuma Zainulabideen ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ko yana zaune a gabanta, matarsa Turai take ba saƙo.

Ba ta nemi zinare ba, ba ta nemi abaya ba. Kwana uku ta yi tsakanin bango huɗu da taga mai ƙarfe, babu tsakar gida, babu ko kaza ɗaya da za a kora, sai ta fara yaushi. Rannan ta ji Turai na cewa an yi ruwa a kudu, daji ya yi kore. Nan take fuskarta ta washe, don mace ce da ta tashi a gona. Ta ce ita dai abin da take so kafin ta koma, a kai ta dajin nan wuni guda, ta ga ciyawar ƙasar Larabawa da idonta, in an yi azahar ta miƙe ƙafa ta yi ƙailula iska na kaɗa ta. Iyakar roƙonta ke nan.

“Mafi mushkila! Ba matsala!” in ji Bash Muhandis, yana dukan ƙirji. “Ai don irin wannan ranar na tanadi karafan. Uwar muhandis ba ta kwana a ƙasa. A taso a ga gado.”

Wanda ya ƙera karafan ɗin nan ban san abin da tsofaffi suka yi masa ba. Gadon yana can ƙurya a gicciye, bango ta kai, bango ta ƙafa, bango ta baya. Gefe ɗayan da ya rage kuma bangon banɗaki ya cinye rabinsa, sai wata 'yar kafa da mutum zai kutsa. Tsayinsa ya kai ƙugu, saboda tankin ruwa da akwatuna a ƙarƙashinsa suke. A sama ga kabad yana jiran goshin duk wanda ya tashi zaune da sauri. Turai ta tallafa, Gogo ta yi bismillah ta rarrafa ta hau. Hawa dai ya yiwu. Saukowa ce ta gagara. Ta juya nan, gwiwa ta ƙi. Ta juya can, kabad ya gaishe ta. Aka yi rabin awa ana abu ɗaya, daga ƙarshe ɗan nata ya sa hannu ya sungume ta kamar jaririya ya dire ta a ƙasa.

Turai ta ce tunda take ba ta taɓa ganin hawayen surukarta ba sai ranar, kuma ba na ciwo ba ne. Gogo ta gyara mayafi, ta karɓi sandarta, ta ce, “Turai, gaya wa mijinki, in ba zan hau gadon nan da ƙafata in sauko da ƙafata ba, a bar ni a gida. Na yafe dajin.”

Washegari Turai ta sa aka kira Saidou, wani kafinta mutumin Damagaram, wanda ya yi shekara tara yana gyara wa Larabawa irin waɗannan ɗakuna. Ba shi da yawan magana, fensir ɗinsa a bayan kunne. Ya shiga, ya auna, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya fito. Ya ce aikin wuni ɗaya ne. A mai da tanki ƙarƙashin benci, a sauke gadon ya dawo daidai gwiwa, a yanke kusurwar da ta tokare hanya, a kafa mariƙi a bango inda tsohuwa za ta kama. Gobe war haka ta hau ta sauka sau goma in tana so.

Wuni ɗaya! Bash Muhandis ya ji kamar an zage shi. Aikin da aka gama a wuni ɗaya, wa za ka ba labarinsa? Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro kamfas.

“Ka ga bambancin kafinta da muhandis ke nan, ya Saidou,” in ji shi. “Kai katako kake gani. Ni kuwa duniya da lahira nake gani a lokaci guda. Waɗanda suka ƙera abin nan ba su san alƙibla ba. Dubi allura. Alƙibla tana can, ƙafar mai kwanciya kuma tana neman miƙewa wajenta. Uwata, da ta fito daga Ɗakin Allah shekaranjiya, ita zan kwantar tana miƙa wa Ka'aba ƙafa? Abadan! Gadon nan tayar da shi za a yi gaba ɗaya, a karkata shi daidai da allura, mai kwanciya ya kwanta a kan damansa fuskarsa na kallon alƙibla. Wannan ita ce handasa, aikin injiniyoyi. Ba a koyonta a wurin zarto.”

Saidou ya dubi kamfas, ya dubi gado, ya fita ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin karafan. Ya ɗago ya ce, “Alhaji, amma ɗakin nan fa taya gare shi.”

“Taya aikin direba ne,” in ji Bash Muhandis. “Kai dai kawo guduma.”

Ni da nake ba ku labarin nan ina tsaye a bakin ƙofa, tare da Lado direba, wanda aka yi da shi zai ja karafan ɗin da a-kori-kurarsa ranar fita. Lado ya buɗe baki zai ƙara bayani, na taka masa ƙafa. Daga baya na yi nadamar wannan takun ƙwarai, saboda Gogo. Amma a lokacin, Allah ya yafe mini, so nake in ga inda abin zai tsaya.

Gado mai kusurwa huɗu ba ya zama a karkace cikin ɗaki mai faɗin taku uku sai wasu sun ba shi wuri. Aka fara da kabad, ba wanda ya yi kukan rashinsa. Sai teburin cin abinci. Allura ta ce da saura. Sai bangon banɗaki, da ya tafi kuma banɗakin ya ga ba shi da sauran mutunci, shi ma ya bi shi. Turai ta tambaya, to in tsohuwa ta so kama ruwa fa? Ya ce kakanninmu da buta suka zo Hajji a ƙafa, kuma ba su mutu ba.

Kullum da safe kafin ya tafi Dira sai ya shigo ya ɗora kamfas a kan katako, ya girgiza kai, ya ce an kauce da rabin yatsa, a kwance a sake. Kullum da yamma sai ya dawo da sabon tunani. A rana ta bakwai ya ce gadon uwar muhandis ba ya zama babu allon kai. Aka sassaƙo wani mai zanen ƙubba da 'yar koriyar fitila a sama, aka kafe shi da ƙusoshi masu tsawon yatsa, domin kai ya san wurinsa har abada. Wani dattijon Balarabe maƙwabcinsu ya leƙa kan hanyarsa ta masallaci ya ce mashaAllah. Dattijon nan ko tulin shara ya gani mashaAllah yake cewa, amma kafin la'asar duk Shifa ta ji cewa manyan ƙasa sun zo sun duba aikin sun sa albarka. Aikin wuni ɗaya ya ci kwana goma sha biyar. Gogo na zaune a ɗaki tana jan carbi, tana kallon sama ta tsakanin ƙarafan taga.

Amma a faɗi gaskiya, Saidou ɗan halas ne. Duk cikin wannan hauka bai manta da tsohuwa ba. Ya sauke gadon daidai gwiwa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya kafa mariƙin ƙarfe a inda hannunta zai kai, ya ƙera matakala guda mai faɗi ta bakin ƙofa. Da Bash Muhandis ya lura da su sai ya ce ai dama suna cikin zanen da ke kansa, ya ji daɗi da ɗalibinsa ya fara ganewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi bikin buɗewa. Ya ɗaura zare a ƙofa ya yanke da almakashin Turai.

“'Yan'uwa,” in ji shi, “abin da kuke gani ba a taɓa yinsa ba, ko a ƙasar Turawa. Na raɗa masa suna Tsarin Zainu na Farko. Kamfanoni za su zo, na sani, amma ba zan ba kowa ba sai mai tsoron Allah. Ni ba don suna na yi ba, wallahi. Biyayyar iyaye ce kawai.” Ya share ido da gefen rawani. Sannan ya ce wa Lado, da ke ɗaukar bidiyo a waya, ya sake ɗaukar wurin share idon, na farkon bai fito da kyau ba.

Gogo ta zo ta gwada. Ta taka matakala, ta kama mariƙi, ta zauna, ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta kwanta. Ta tashi da kanta. Ta sake kwanciya ta sake tashi, don ta tabbatar. Ta dubi Saidou ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan.” Bash Muhandis ya amsa da amin mai ƙarfi.

Asabar da hantsi muka ɗau hanya. Jirgin Gogo kuwa gobe Lahadi ne, babu wata Asabar ɗin bayan wannan. Bash Muhandis yana gaba a 'yar motarsa da matan, ya kunna fitilun gefe biyu suna ƙyaftawa kamar mai rakiyar gwamna. Ni da Saidou muna motar Lado, karafan na biye. An gayyaci Saidou ne, in ji mai gayya, domin ya ƙaru. Muka bi hanyar Dirab kamar awa guda, sannan muka sauka daga kwalta.

Wallahi daji ya yi kyau. Ciyawa 'yar firit ta rufe ƙasa, ga ƙananan furanni rawaya, ga raƙuma can nesa suna kiwo. Lado, da ya yi shekara ashirin yana tuƙi, ya zaɓi wuri mai tauri kusa da wata bishiyar ƙaya, ya juya ƙofar karafan ta ba sanyi baya, ya kwance shi daga mota. Matakalar Saidou ta zauna daram. Gogo ta fito ta tsaya ta ja numfashi. Ta sa bakin sanda ta tona ƙasa, ta ga danshi, ta yi dariya har giɓinta ya fito. Ta ce ƙasar nan da za a ba ta iri, da gero ya yi.

Aka yi azahar. Aka shimfiɗa darduma gindin bishiya, Turai ta buɗe kula, muka ci shinkafar kabsa har muka kishingiɗa. Gogo ta wanke hannu, ta yi hamma mai daɗi, ta ɗauki sanda. Taku goma sha biyu ne tsakaninta da ƙofa, na ƙirga su. Ta ɗora ƙafar dama a kan matakala, ta miƙa hannu za ta kama bakin ƙofa.

“Tsaya!”

Ashe Bash Muhandis ya riga ta shiga don ya kunna koriyar fitila, kuma hannu ya saba, ya ɗora kamfas a kan katifa. Allura ta ci amanarsa. Ƙafar gadon tana kallon alƙibla sak, kamar da gayya.

Da wani ne, da ya ji kunya. Da ya tuna an taɓa yi masa maganar taya. Bash Muhandis kuwa fitowa ya yi ya nuna Lado da yatsa. “Kai ka ɓata mini handasa! Wa ya ce ka ajiye shi haka? A Shifa daidai yake!”

“To ai nan ba Shifa ba ce, Alhaji,” in ji Lado.

“Baban Kamil,” in ji Turai a hankali, “da an bar ta ta ɗan kwanta, in ya so sai a...”

“Mata ba sa shiga handasa. Lado, ɗaura mota. Juya shi za mu yi har allura ta yarda. A ce wa Gogo minti biyar.”

Gogo ta sauke ƙafarta daga matakala.

Aka sake ɗaurawa. Ya tsaya a gaba, kamfas a tafin hannu, rawani na kaɗawa, yana ba da umarni da Larabci domin raƙuma su shaida. “Yamin! Yamin! La, yasar! Shuwayya shuwayya! Baya!” Wato dama, dama, a'a hagu, a hankali. Duk wanda ya taɓa ja da baya da abin da aka ɗaura wa mota ya san in ka murza hagu, shi dama yake nufa. Lado ya sani. Bash Muhandis bai sani ba, kuma shi ne mai ba da umarni. In Lado ya bi saninsa a daka masa tsawa, in ya bi umarni karafan ya naɗe ya nemi rungumar motar. Ga shi kamfas ɗin na darduma ne, bai saba da ƙarfe ba. In mai shi ya matso jikin mota allura ta karkace, in ya ja da baya ta dawo. Bayan kowane juyi sai an tsaya ya shiga ciki ya auna a kan katifa, ya fito ya ce saura ƙiris.

Minti biyar ta zama awa ɗaya da rabi. Kaɗan-kaɗan suka bar ƙasa mai tauri, suka bar bishiya, suka gangara wajen wani ɗan kwari inda ruwan kwanan baya ya tara yashi. Gogo ta gaji da tsayuwa ta zauna a kan kular ruwa tana matsa gwiwa. Rana ta fara karkata, inuwa ta yi tsawo. Na dube ta, dariyar nan ta ɗazu babu ita, ta zuba wa ƙasa ido kawai. Raina ya ɓaci, da shi, da kaina.

“Alhaji, can fa yashi ne,” in ji Saidou.

“Baya, na ce!”

Lado ya yi salati ya ja baya. Tayar can gefe ta nutse har gindi, ta wannan gefen ta haye wani falalen dutse. Karafan ya yi wani irin nishi ya kishingiɗa, muka ji kwanukan Turai na zubewa a ciki. Ƙofa ta ɗaga sama ta tsaya a bakin kwarin, daidai ƙirjin Lado, shi kuwa Lado dogo ne. Motar ta yi ta watsa yashi, ba gaba ba baya, har ya haƙura ya kashe ta.

Muka yi cirko-cirko. Bash Muhandis ya kama bakin ƙofa ya yi ta wutsil-wutsil har ya haye, farar rigarsa ta yage a hammata. Sai muka ji kabbara daga ciki. Ya leƙo, fuska na ƙyalli, hannu a sama.

“Daidai! Cif-cif! Ku zo ku ga allura! Ban gaya muku ba? Lissafina ba ya ƙarya. Yanzu duk wanda ya kwanta a gadon nan, fuskarsa na kallon Ka'aba.”

“In bai gangaro ba,” in ji Saidou, ciki-ciki.

“A kawo Gogo!”

Ya diro ƙasa. Sai a lokacin ya dubi ƙofar, ya dubi matakalar da Saidou ya ɗauko ya ajiye a ƙarƙashinta, wadda ko rabin hanya ba ta kai ba, ya dubi tsohuwa da sandarta. Amma muhandis ba ya rasa mafita.

“Basiɗa! Abu mai sauƙi. Mu huɗu ne maza. A zaunar da ita a kan darduma, kowa ya kama kusurwa, ɗaya, biyu, uku, mu miƙa ta ciki. Lado, ba Turai waya ta ɗauka.”

Ba wanda ya motsa. Turai ta rufe baki da mayafi. Lado ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gogo ta dafa sanda ta yunƙura, sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta miƙe. Saidou ya matso zai tallafa, ta ɗaga masa hannu. Ta juya wa karafan baya, ta kama hanyar bishiya, inda aka bar 'yar ƙaramar motar. Muka bi ta a baya, ba wanda ya yi gigin wuce ta. Ta buɗe ƙofar baya, ta ce Turai ta buɗe ɗayar, iska ta ratsa. Turai ta ɗauko ɗaya daga cikin matasan da muka jingina da su wajen cin abinci, ta ajiye mata a bakin kujera.

“Ɗan nan,” ta ce wa Saidou, “ina alƙibla?”

Ta san amsar, ɗazu ta yi sallah a wurin. Amma ta tambaya, kuma ba mai kamfas ta tambaya ba. Saidou ya nuna mata. Ta ɗauki matashin ta jefa ɗaya gefen. Ta zauna, ta ja jiki, ta ɗaga gwiwar da hannu biyu ta shigar, ta kwanta.

Bash Muhandis ya ƙaraso yana haki. “Haba Gogo! Ga gado na musamman can, kwana goma sha biyar ana aikinsa, ga fitila, ga allon kai, a nan za ki kwanta mutane su gani?”

Ba ta dube shi ba. Da rufin motar ta yi magana.

“Shekara saba'in da biyar ina kwana a ɗaki. Duk ranar da na ga ƙafata ta nufi alƙibla, matashi nake juyawa. Ban taɓa juya ɗakin ba.” Ta ja mayafi ta rufe fuska. “A rage surutu, barci zan yi.”

Bash Muhandis ya tsaya baki buɗe, iska na shiga ta yagaggiyar hammata. Saidou ya gangara wajen a-kori-kura ya dawo. Ya zare kamfas ɗin daga hannun Bash Muhandis a hankali, ya sa masa shebur.